Rasuwar Shokozoba Huɗu na Jar Motar Tokuji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, duk da cewa an ga mai ita yana dariya shi kaɗai a gareji, Hatakeyama Tokuji, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan ƙungiyarmu ta tsofaffin motoci rasuwar shokozoba huɗu na jar motarsa mai kujera biyu. Su ne Gaban Dama, Gaban Hagu, Bayan Dama, da autansu Bayan Hagu. Sun cika ranar Talata da hantsi a garejin Madam Kurihara, bayan doguwar jinya, suna da shekara talatin da huɗu a duniya. Ni maƙwabcinsa aka ɗora wa rubutun, don wai shi ba zai iya ba.

Marigayan sun shigo gidan tare da motar, a shekarar da Tokuji ya auri Sumie. Duk wanda ya zauna a kansu zai ba da shaida cewa masu gaskiya ne, ba su taɓa ɓoye wa kowa halin da hanya take ciki ba. Ko busasshen ganye suka taka sai sun kai rahoto ga ƙashin bayanka. Gaban Dama yana da wata murya siririya, ƙiiii, duk lokacin da aka karya kwana. Auta kuwa ba shi da yawan magana, amma in ya ce gum! sai haƙoranka sun gaisa da juna. Ni da nake kwana katanga ɗaya da su, tun daga gadar kasuwa nake sanin Tokuji ya dawo.

Babban aikinsu na shekara shi ne hawan dutse. Duk kaka, in ganyen bishiyoyi ya yi jajir, Tokuji da Sumie sukan hau can ƙololuwa su ci taliyar soba su dawo. A kwana ta bakwai, wadda take karyawa hagu, akwai wani ƙarfe da ya haɗa kwalta da 'yar gada. Nan auta yake yin gum ɗinsa mafi girma, Sumie, wadda take kiran mijinta Baba, ta ce, "Wayyo, Baba!" ta cafke hannun Tokuji na hagu a kan giya, don sitiyarin motar a dama yake, ba ta saki sai sun kai sama. Ku tuna fa, waɗannan mutanen zamanin da ne irinmu. Ba wanda ya taɓa ganinsu riƙe da hannu, ko a hoton aurensu mutum guda zai iya tsayawa a tsakaninsu.

Ciwon ajali ya fara da yoyon mai. Daga nan motar ta koma tangaɗi, ka taka birki ta durƙusa kamar mai gaida suruki. Ana cikin haka aka yi wa Sumie aiki a baya, likita ya ce ko keke kada ya girgiza ta. Kaka biyu kujerar hagu tana zaune ba kowa. Sau ɗaya Tokuji ya hau dutsen shi kaɗai, ya dawo bai ci sobar ba, kuma na ga idonsa da ya fito, ban tambaye shi komai ba.

Sumie ce ta yanke hukunci, tana yanka kabeji, ko juyowa ba ta yi ba.

"Baba, saura wata ɗaya ganye ya yi ja. Ko motarka ta koyi ladabi in shiga, ko ta bar gidan nan a sayo ƙarama irin ta kowa."

Washegari yana ƙofar garejin Madam Kurihara tun kafin ta ɗaga ƙyaure. Ita kuwa bakanikiyar, kun dai san bakinta. Ta ɗaga motar, ta haska, ta ja tsaki.

"Tokuji-san, waɗannan ai sun mutu tun shekara goma. Kai ne ka hana a yi musu sutura."

Kwana huɗu tana aikin. Ta kwance marigayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura magadansu, sababbi fil, kowanne da wayarsa a ka, duk wayoyin sun haɗu a wata 'yar kwamfuta a bayan kujera. Wai ita wannan tana jin hanya sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido, ta ce wa wannan ƙafa ki sassauta, waccan ki daure. Kusa da giya kuma aka sa abin murɗawa mai matsayi uku: Laushi, Tsaka-tsaki, Tauri.

A nan dole in faɗi gaskiya, ko da mai makoki zai ji haushina. Tabɗi! Ban taɓa ganin wanda aka yi wa rasuwa yana tsalle irin na Tokuji ba. Ranar da ya karɓo motar, sau goma sha ɗaya ya tsallake layin dogo, ya juyo, ya sake tsallakewa, har mai shagon kifi ya fito yana leƙe. Ya zo ya fizge ni daga cikin lambu da takalmin roba a ƙafata, ya cusa ni ciki, ya nufi ramin da ke gaban makaranta da gangan.

"Ka ji? Ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi ne! Ba ka ji komai ba! Kai, ɗan ƙauye, ba ka ji komai ba!"

Yana dukan sitiyari yana ƙyalƙyala dariya, tsoho mai shekara sittin da uku. Da muka tsaya sai da ya juya ya rusuna wa kwamfutar.

Wata ya cika, Lahadi ta zo, ganye ya yi ja. Sumie ta fito da matashinta, ta zagaya motar tana harararta, ta shiga a hankali. Tokuji ya murɗa zuwa Laushi. Kwana ta ɗaya, shiru. Ta uku, shiru, har ta cire matashin ta jefa baya. Ta biyar ta ce, "Ashe akwai rafi a ƙasan nan? Da ban taɓa samun sukunin gani ba." Shi kuwa baki har kunne. Da suka doshi ta bakwai, ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da huɗu ba tare da ya sani ba: ya ɗora hannun hagu a kan giya, ya daidaita shi, yana jira.

Motar ta shanye ƙarfen sul, ko motsi ba ta yi ba. Sumie tana kallon ganye ta taga, hannayenta biyu a cinyarta. Hannun Tokuji ya zauna a kan giya shi kaɗai har ƙololuwa.

A can ta shanye romon sobarta tas, ta ce mota ta ci jarrabawa, za ta zauna. Shi rabin kwano ya iya ci. Ya samu abin da ya nema, amma ya dawo gida zuciyarsa a jagule, kuma a ranar ne makokin gaskiya ya fara.

Da safe ya koma gareji, ya tono marigayan daga tarin ƙarafan da za a kai narkewa, ya wanke su da sabulu, ya naɗe cikin farin ƙyalle. Ya kai su haikalin unguwarmu, inda duk shekara ake yi wa tsofaffin allurai da wuƙaƙen girki addu'ar godiya. Malamin haikalin ya ɗaga ƙyallen, ya sosa ƙeya.

"Tokuji-san, mu fa allura muka saba karɓa. Me waɗannan suka yi maka haka?"

"Sun yi mini aikin da ban iya roƙa da bakina ba."

Malamin bai sake tambaya ba, ya sa rana.

Marigayan sun bar injin, wanda har yanzu yake tari da safe, da salansa mai yawan surutu, da rediyo mai kaset da ya haɗiye wata waƙa tun shekara ashirin ya ƙi amayarwa, da kuma hannun hagu guda ɗaya.

Za a yi ban kwana ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a harabar haikalin. A zo da baƙaƙen kaya. Za a ƙona turare, a sha shayi da wainar shinkafa, kuma Madam Kurihara ta yi alkawarin riƙe bakinta na minti ashirin. Daga nan 'yan ƙungiya za su yi jerin gwano zuwa ƙololuwa, jar motar a gaba.

Akwai ƙarin bayani guda. Ina cikin rubuta wannan a barandata, Tokuji yana tsaye a kaina yana gyara mini, sai Sumie ta leƙo ta kan katanga da kwandon shanya.

"Ka rubuta cewa a kwana ta bakwai za a murɗa abin nan zuwa Tauri."

Tokuji ya zabura. "Mama, likita fa?"

"An gayyace shi ne? Gum ɗaya a shekara ba zai kashe ni ba." Ta yarfe riga, ta rataye. "Kai dai Baba ba ka da wayo. Shekara talatin da huɗu ina bin hanyar nan, na fi ka sanin inda ƙarfen yake. Kana tsammanin tsoro nake ji?"

Kunnuwan Tokuji suka yi ja. Ya ɗauki bokiti ya tafi wanke motar da ya wanke da safen nan.

Saboda haka ana roƙon motocin da ke baya, in an doshi kwana ta bakwai, su rage gudu, su ba da tazara, kowa ya kalli ganye.