Rasuwar Farin Tulun Gidan Seo, Wanda Aka Kashe da Barkono

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu tafarfasa take yi, dattijo Seo Byeong-hak, mai riƙe da mabuɗin ɗakin kakannin zuriyar Seo a yankin Andong, yana sanar da rasuwar farin tulun tangaran na gidansu, yana da shekara ɗari uku da 'yan kai.

Marigayin ya fara aiki ne a fada, inda ya tsaya a gaban allunan tunawa da sarakunan da suka shuɗe, kafin a ba da shi kyauta ga wani kakan gidan. Tun daga nan bai taɓa ɗaukar komai ba sai tatacciyar giyar shinkafa ta ranar tuna kakanni. Ba shi da zane ko ɗigo. In an taɓa shi da farce, sai ya ce "tiiin" a hankali, ya yi shiru.

Ciwon ajalinsa ya soma ne ranar da matan gida suke haɗa kimchin hunturu, wato kabejin da ake tsumawa da barkono da tafarnuwa a binne cikin randuna. Dattijon ya wanke shi, ya kife shi a tsakar gida ya sha iska, ya shiga ya ɗan kishingiɗa. Sai ga Pyo Mal-sun, matar ƙaninsa Byeong-gu. Kowa ya san kakanni ba sa kusantar barkono da tafarnuwa, amma baiwar Allahn nan ta danƙara wa tulun kabeji jawur har wuya, ta sa mijinta ya binne shi a bayan madafa tare da randuna. Shi kuma malalacin, ramin da ya haƙa ko gwiwa bai kai ba. Kwana goma sha biyu dattijon yana nema, har ya ɓata da maƙwabta. Ƙanƙara ta sauka, marigayin ya ce "ƙas", ya rabe gida biyu.

Da aka tambaye ta, cewa ta yi: "Haba Yaya, tulu ai tulu ne. Na gan shi yana zaman banza, na ba shi aiki."

Byeong-gu kuwa, baki cike, ya ƙara da cewa: "Ɗanɗana ka ji, Yaya. Bana ya fi na bara."

Marigayin ya bar murfi ɗaya, da ƙananan kofuna biyu, da tsohon da ya yi shekara arba'in yana goge shi. Dattawan zuriya sun zauna, sun ce sakacin na wanda ya kishingiɗa ne. Sun yanke cewa a ranar jana'iza zai miƙa mabuɗin ɗakin kakanni ga Byeong-gu, mutumin da ko sunan kakan ubansa bai riƙe ba. Wannan ya fi mutuwar ciwo.

Za a naɗe marigayin a farar takarda, a binne shi a bayan ɗakin kakanni ranar Asabar da hantsi, kamar yadda ake yi wa kayan ibada in sun ƙare. Ba a gayyaci Pyo Mal-sun ba. Dattijon da kansa ya haƙa kabarin, zurfinsa tsayin mutum biyu, kuma mabuɗin yana cikin likkafanin. In Byeong-gu yana so, ya zo da shebur.