Siririya Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Don Heriberto Zazueta, mai shagon aski a garin Cosalá, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa jefa fatsa a tafkinmu, rasuwar tanarsa ta roba, wadda kowa ya sani da suna Siririya. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar gasar kamun kifin lobina, a hannun surukinsa.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Wan Don Heriberto, marigayi Anselmo mai gidan burodi, shi ya narka roba a tukunyar matarsa, ya zuba a ramukan da ya sassaƙa a jikin katako. Launin da ya haɗa kamar jiƙon tsamiya ne da ɗan ratsin shunayya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai gaya wa kowa sirrin haɗin ba. Ya bar wa ƙanensa irinta cike da gwangwanin biskit. Kifi ya cinye wasu, itatuwan ƙarƙashin ruwa suka riƙe wasu, har ya rage ita kaɗai. Tun daga nan Don Heriberto ba ya fito da ita sai ranar da komai ya ƙi. In ta yage, ya ɗora wuƙa a wuta ya liƙe ta a hankali, da hannun nan da yake yi wa manyan gari gyaran fuska.

Ta kasance mai kamun kai, mai sanin ya kamata. A ɗaura dalma a ƙarshen zare, a ɗaura ƙaramar ƙugiya can sama da ita, a soke Siririya ta kan hanci kaɗai, a sauke ta. Dalma ta zauna a laka, ita kuwa ta kwanta a tsakiyar ruwa, wutsiyarta na ɗan karkarwa kamar mai jin sanyi. Shi ke nan aikinta, bai kuma taɓa yi mata kaɗan ba. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, in ban da ɗan “ɓul” ɗin da take yi in ta shiga ruwa.

Ta bar dangi cike da akwati, kuma mai makoki yana neman afuwar jama'a, domin babu na kirki ko ɗaya a cikinsu. Akwai mai lanƙwasasshiyar wutsiya, wadda ba ta iya komai ba sai juyi kamar 'yar rawa har ta murɗe zare. Akwai wata da aka cusa wa gishiri har ta kasa ɗaga kanta, ana sauke ta take rataya kamar wanki. Akwai mai warin tafarnuwa, wadda ta kori kifi, ta kori Doña Eloísa matar gidan daga ɗaki, ta kuma bar wari a kujerar mota har yau. Sauran ƙyalƙyali ne kawai. An yi su ne don su kama mai saye, kuma sun kama shi.

Ga yadda ajali ya zo. Rogelio Payán, mijin 'yarsa Maribel, mai sayar da tayoyi a Culiacán, ya iso ranar gasar da sabuwar hula, da na'ura mai allo da ke nuna kifi a ƙarƙashin jirgi, da jaka cike da robobi masu sheƙi. Maribel ce ta roƙi mahaifinta ya ɗauke shi a jirginsa, ko sa saba. Ruwa ya ja baya, rana ta ƙwalle, kifin duk ya gangara zurfi ya yi lamo. Rogelio yana ganinsu a allonsa ƙuru-ƙuru, ya jefa musu ja, ya jefa musu kore, ko kallo bai ishe su ba.

Da hantsi ya dubi ludayi, Don Heriberto ya buɗe gwangwanin biskit.

“Baba, mene ne wannan?” in ji Rogelio yana dariya. “Kyanwa ce ta tauna ta tofar?”

“Ka kalli talabijin ɗinka, yaro. Wataƙila su sa maka wasan kwaikwayo.”

Bai daɗe da sauke ta ba sandar ta yi “tik”, ya fito da kifi madaidaici. Dariyar Rogelio ta ɗauke. Ana haka igiyar da ta riƙe jirgin ta sarƙe da wani kututture, dattijon ya ajiye sandarsa ya tafi ƙarshen jirgin yana warwara. Ko da ya juyo, ƙugiyarsa wayam. Surukin nasa ya zare Siririya, ya soke ta ta tsakiyar ciki da wata ƙatuwar ƙugiya irin ta rataye nama, ya wurga ta.

“Kai! Fito min da ita!”

“Jifa ɗaya, Baba! Jifa ɗaya tak!”

Ya shiga fizgar sanda kamar mai ciro jaki daga rijiya. Abin da ya fi ci wa mai makoki rai, wanda kuma gaskiya ta tilasta masa faɗa, shi ne wani ƙaton kifi marar tarbiyya, wanda ya isa ya san bambancin gwani da ɗan koyo, ya zo ya haɗiye ta a haka. Babu wanda ya kama irinsa a ranar. Da aka buɗe bakinsa, kan Siririya kaɗai aka samu maƙale a muƙamuƙinsa. Don Heriberto ya zare shi, ya sa a aljihun rigarsa.

A wurin awo, mai lasifika ya miƙa wa Rogelio kofin gasa, ya tambaye shi da wace roba ya yi wannan bajinta. Rogelio ya saci kallon surukinsa, ya dubi taron, sai ya zaro wata leda mai sheƙi ya ɗaga sama.

“Da wannan ce! 'Yar Japan!”

Aka yi ta tafi. Nicanor, aminin Don Heriberto tun suna yara, ya zungure shi, ya kira shi da sunansa na yarinta.

“Beto, ka ji ɗanka?”

“Na ji. Ba ni na zaɓo shi ba.”

Washegari shagon aski bai buɗe ba. Maribel ta tarar da mahaifinta zaune a tsakar gida, gwangwanin a cinyarsa babu komai a ciki, abincinsa ya huce a gefe. Nicanor ne ya kwashe labari ya gaya mata. Ta koma ta sami mijinta yana goge kofinsa.

“Baffana ne ya zuba robar nan da hannunsa, ina tsaye ina riƙe masa tukunya,” ta ce. “Ka ɗauke ta ba izini, ka kashe ta, sannan ka ba wa Japan ladanta? Kofin nan ba zai kwana a gidana ba sai ka gyara maganarka a gaban waɗanda ka yi wa ƙarya.”

“Haba masoyiya, roba ce fa.”

“To, je ka gaya wa Baba haka.”

Bai je ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a gefen kabarin Anselmo. An samu kwalin ashana daidai da abin da ya rage na marigayiyar. Fada, limamin cocinmu, ya ba da uzuri, kodayake an ji shi yana dariya bayan ya rufe ƙofa. Makashin nata, wato ƙaton kifin nan, ba zai halarta ba, domin an sake shi ya koma ruwa bisa dokar gasa. Doña Eloísa za ta soya kifi, kowa ya zo da abin shansa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya kawo wata roba da sunan maye gurbi. Wanda ya kawo zai koma da abarsa.

Bayan an rufe rami, Rogelio Payán zai hau kan kujera, da lasifikar da aka aro daga masu gasa, ya faɗi sunan wadda ta kama kifin da sunan wanda ya zuba ta. Wanda bai samu zuwa ba kada ya damu. Maribel ta ce za a maimaita a shagon aski, duk ranar da mutum uku suka taru.