Yadda Za Ka Zaɓi Giyar Motar da Za Ta Kai Ka Ko'ina Ban da Ƙofar Gidan Mahaifiyarka

Kai mai tsohuwar motar tsere 'yar kujera biyu, wadda kake gogewa safe da yamma alhali takalminka bai ga burushi ba tun bara, matso kusa. Na san damuwarka. Kana so ranar Asabar ka wuce kowa a filin tsere na Killarney, ranar Lahadi kuma ka fita da ita sayen koesister, fanken nan mai zaƙi, da zafinsa kamar kowane magidanci, duk da giyabos guda. Bi matakan nan, ni na ba ka tabbacin sai an shekara ana zancenka a Cape Town. A kansu na ɗora abokina Boeta Sedick na Athlone, kuma har gobe ba a daina zancensa ba.

Mataki na 1: Nemi wanda ke ba ka haushi

Kada ka buɗe giyabos da hankalinka a kwance. Hankali zai ce maka waɗanda suka ƙera motar sun fi ka sani, kuma da wannan tunanin ba a cin kofi. Abin da kake bukata shi ne mutum guda mai wuce ka.

Na Sedick shi ne Oom Dawie, tsohon hedimasta mai koriyar mota. Duk tseren tsofaffin motoci, da sun fito daga kwanar ƙarshe sai Oom Dawie ya gifta shi, ya ɗaga masa hannu. Ba wucewar ce ke cin ran Sedick ba, ɗaga hannun ne. In an gama kuma ya zo da kofin shayinsa ya ce, "Sedick, lafiya dai? Na ga kamar ka tsaya sayen burodi a kwanar can."

Mataki na 2: Haddace kalma biyu

Doguwa da gajeriya. Gajeriyar giya tana da ƙarfin tashi, amma nan da nan inji ya fara ihu. Doguwa kuwa tana da gudu, sai dai a wajen tashi ragguwa ce. Masu ƙera mota sun sa giya ta ɗaya gajeriya saboda suna zaton za ka haɗu da tudu, da danja, da suruka mai jiran a sauke ta a bakin ƙofa.

Kai ka wuce nan. Sayi haƙoran giyabos na tsere: giya ta ɗaya doguwa, sauran kusa da juna, yadda inji ba zai huce ba tsakanin wannan da waccan. A filin tsere sau ɗaya ake tashi daga tsaye, kuma a shimfiɗe yake. Masana sun daɗe da gano cewa duk wanda ke yawan tsayawa, dama can bai yi niyyar tafiya ba.

Mataki na 3: Kada ka dubi kalanda

Tseren ƙarshe na shekara ya faɗo ranar Asabar. Washegari Lahadi aka sa bikin Thakiera, 'yar Sedick tilo. Tun tana ƙarama, lokacin motar ko inji ba ta da shi, take zama a ciki tana murɗa sitiyari tana miƙa masa sifana, shi kuma ya yi mata alkawari cewa ranar aurenta a ciki zai ɗauke ta.

Ga kuma mahaifiyarsa, Oemie Galiema, can ƙarshen layi a saman tudun Bo-Kaap. Ƙafa ta hana ta saukowa zauren biki. Abu ɗaya ta roƙa, a kawo mata jikarta ƙofar gida cikin kayan amarci ta gan ta da idonta. Wannan layin ka san shi, duwatsu ne jere, kuma a tsaye yake kamar tsani.

In ka sami kanka a irin wannan hali, sauya giyar a makon bikin. Gida cike yake da masu yanka albasa, ba mai lura da kai.

Mataki na 4: Amsa wa uwargida da kalmomin gareji

Za ta lura. Gairoenisa, matar Sedick, ta leƙo gareji da ludayi a hannu ta tarar da cikin motar a ƙasa.

"Sedick, motar amaryar ce ka farke haka?"

"Gyara ne, Gairo. Tazarar da ke tsakanin ta biyu da ta uku nake ragewa."

"Ni ban tambaye ka tazara ba. Za ta hau layin Oemie ran Lahadi?"

"Da gudu ma."

"Ba gudu na ce ba, hawa na ce." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma Faldie, duk inda na gan ka tsaye da hannu a aljihu, na san akwai abin da zai lalace."

A nan ka gyaɗa kai, ka yaba ƙamshin shinkafar biriyani. Haka na yi, kuma na ci faranti biyu.

Mataki na 5: Yi gwaji inda babu tudu

Zaga unguwarku kawai. Sababbin haƙoran za su riƙa kuka, wiiii, har karnuka su amsa. In maƙwabci ya tambaya, ka ce alamar lafiya ce. Kada ka kusanci ko da gadar sama, domin gwaji a kan tudu rashin yarda da kai ne.

Mataki na 6: Ci Asabar ɗinka

Wallahi abin ya yi aiki. Sedick ya fito daga kwanar ƙarshe motar na kuka, ya gifta Oom Dawie, ya ɗaga masa hannu har sai da ya kusa barin hanya. Ni kaina na yi ihu har muryata ta dushe.

Oom Dawie ya zo da shayinsa, ya saurari motar, ya ce, "Barka, Sedick. Gobe da wannan za ka kai yarinyar Bo-Kaap?"

Hassada ce, kada ka kula.

Mataki na 7: Shiga tudun da gudu, kada ka tsaya

Dabarar ke nan, kuma ba ta da aibu in dai duniya ta ba ka hanya. Sedick ya taho da amarya a gefensa, farin mayafi na kaɗawa, mu muna biye a jere. Ya kwaso layin da kyau. Daidai tsakiya sai ga gwaggwannin amarya sun tsallako titi da farantan kek, suna tafiyar da ta dace da mai ɗauke da kek. Ya taka birki.

Suka wuce. Ya saki kuloci, mota ta mutu. Ya tayar, ya ba ta wuta, ta yi kuka, ta girgiza, ta sulalo baya. Warin ƙonannen kuloci ya cika layin, mutane suka fito bakin ƙofa. Can sama kuwa Oemie Galiema ta miƙe daga kujerarta, ta dafa ƙarfen baranda da hannu biyu tana leƙe.

Na san Sedick tun muna 'yan makaranta, ban taɓa ganin ya ba ni tausayi irin na ranar ba.

"Baba, bari in sauka in taka," in ji Thakiera.

"Ba za ki taka ba. Alkawari na yi miki."

Ta dubi sandar giya. "Baba, har ribas ka sauya?"

Bai sauya ba, tana nan gajeriyarta mai ƙarfin tashi. Ba wanda ke tsere da baya, saboda haka ba wanda ke sayar da doguwar ribas.

Mataki na 8: Juya

Muka ja da baya muka ba shi wuri. Ya sulala zuwa mahaɗa, ya juya motar, ya sa ribas, ta kama tudun tiryan-tiryan kamar ba ita ba. Amarya na fuskantar ayarinta tana ɗaga mana hannu tana dariya. Shi kuwa dole ya waiwaya don ya ga hanya, saboda haka hannunsa na bayan kafaɗarta tun daga ƙasa har ƙofar gida.

Oemie ta rungume jikarta ta daɗe ba ta sake ta ba. Sannan ta dubi motar da hancinta ke kallon hanyar Athlone, ta dubi ɗanta.

"Sedick, kawo ta ka yi, ko so kake ka koma da ita gida?"

Ya tsaya yana goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin kuloci ne. Duk layin mun san hayaƙin ya daɗe da bajewa.

Mataki na 9: Mayar da tsofaffin haƙoran

Kada ka bari kowa ya gani. Yanzu Oom Dawie na wuce Sedick a kowane tsere yana ɗaga masa hannu, Sedick kuma yana ɗaga masa nasa. Ranar Lahadi yakan hau Bo-Kaap da ƙunshin koesister, da gaba ba da baya ba, ya tsaya a tsakiyar tudun da gangan ya gaisa da mutane.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ƙonewar kuloci, ko warin da ya kama mayafin amarya, ko hotunan biki da motar ta fito tana kallon ƙasa. Shawara ya bayar, hannunsa na aljihu. Duk mai ƙorafi ya kai wa Gairoenisa, ita ce ta faɗa tun farko, kuma ba ta gaji da tuna mana ba.