Yaƙin Rumbuna Uku na Hashimu Mai Bugun Takarda

Da sunan Mai Sama muke buɗe wannan babi, sa'an nan mu ambaci sadauki ɗan sadauki, Hashimu ɗan Ɓaidu, jikan Jatau Mai Tawada, wanda kakansa ya shekara talatin a ƙofar gidan waya na Gusau yana rubuta wa jama'a wasiƙa da hannu, ubansa kuma ya gaje shi da tafireta mai ƙarar da ake jiyowa daga tasha. Shi ne na uku a wannan daula, Sarkin Takardar Rantsuwa, Barden Masu Neman Aiki, Garkuwar Masu Canjin Suna, mai mulkin shago ɗaya da benci ɗaya da kwamfuta ɗaya a gaban kotu.

Maruwaita sun haɗu a kan cewa kwamfutar nan ta tsufa tukuf. In ya kunna ta da hantsi sai ta yi gurnani, ta yi ƙarar niƙa daga ciki, ta shiga tunanin duniya da abin da ke cikinta, har mutum ya sha shayi ya ɗauraye kofi ba ta buɗe ido ba. A tsallaken titi kuwa wata Hajara ta kafa sansani da sabuwar na'ura, talakawan Hashimu suka riƙa yin hijira zuwa ƙasarta ba ko sallama. Ba wanda ya rage masa sai Inna Kande, shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli, wadda tun zamanin ubansa ba ta taɓa kai takardar taronsu wani wuri ba. Ranar Alhamis ita ma haƙurinta ya ƙare.

"Hashimu, albarkacin mahaifinka nake zama a bencin nan," in ji ta. "Litinin zan dawo. In na sake tsufa a nan ina jira, wallahi tsallakawa zan yi."

Maganar ta soke shi ƙwarai, don ya san ranar da Inna Kande ta tsallaka, ranar ce sunan gidan Jatau zai faɗi a hannunsa. Saboda haka Asabar da safe ya yi ɗamara, ya naɗe kwamfuta a zanen gado, ya ɗaure ta a bayan babur ɗinsa mai hayaƙin rundunar mutum dubu, ya ɗaga murya ya ce, "Yau ko ni ko jinkiri!" Ya keta gari, kaji na watsewa a gabansa, har ya sauka a rumfar Injiniya Sabi'u mai gyaran kwamfuta.

Injiniya ya kwance cikinta, ya ce ciwon yana rumbun ajiya, ya jera barade uku a kan tebur. Na farko hardis, ɗan'uwan wanda ya tsufa a ciki, ƙaton tumbi mai faifai yana juyawa, ya haɗiye komai amma ya yi tafiyar mai ciwon ƙafa. Na biyu Es-Es-Di, siriri, ba abin da ke motsi a jikinsa, kafin ka kira ya amsa, sai dai cikinsa ƙarami ne. Na uku haibirid, ruwa biyu, tumbin na farko da ɗan guntun zafin naman na biyu, ba ya sauri sai a kan abin da ka saba buɗewa.

A nan aka gwabza yaƙin da alƙaluma suka gaza siffantawa, domin Hashimu bai taɓa goge takardar kowa ba cikin shekara goma sha bakwai, yana ganin goge takardar mutum cin amana ne, kuma ƙaramin cikin Es-Es-Di ba zai ɗauke takardun duka ba. Ya ɗauki haibirid, ya auna shi a tafin hannu, ya ajiye. Ya kewaye kasuwa sau uku yana shawara da zuciyarsa, ya nemi fatawar mai rake, ya buga wa surukinsa na Ƙauran Namoda waya, wanda ya ce shi dai a gaishe da yara. Injiniya ya ci abinci, ya yi azahar, ya dawo ya tarar da gwarzon a tsaye gumi na tsiyaya daga hularsa. Sai gab da la'asar ilhama ta sauko masa, ya daki tebur har sukurori suka yi tsalle.

"Es-Es-Di! A sa min mai saurin! Tsohon kuma a yi masa gida, ya zauna a waje da takardun jama'a!"

Ranar Litinin ya share shago, ya gayyato mai shayi da masu gadin kotu su zama shaidun nasara. Inna Kande ta iso, ya danna, kafin ta gama gyara mayafi fuskar kwamfuta ta haska. Aka yi sowa, har Hajara ta leƙo daga sansaninta. Hashimu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar aurensa.

"Rubuta," in ji Inna. "Zuwa ga dukkan mambobi."

Sadauki ya zare ɗan yatsansa guda, ya ɗaga shi sama, ya shiga shawagi a kan haruffa yana neman Z. Ya same ta a can ƙasan kusurwa, ya soke ta, ya koma farautar U. Shayin shaidu ya huce, masu gadi suka koma bakin aiki, shi kuwa ya iso "dukkan" yana haki.

Inna Kande ta dubi kwamfuta, ta dubi yatsan, ta miƙe tana dariya.

"Ashe duk shekarun nan alhakin baiwar Allahn nan muke ɗauka. Ɗana, ka ci gaba da nema, bari in leƙa wajen Hajara. Zan roƙar maka ita ta koya maka amfani da sauran yatsu taran."

Tun daga wannan rana, in ji maruwaita, kwamfuta ce ke zaune tana jiran Hashimu.