Mai Farin Zanen da Na Ƙirƙiro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa kashe gaɗar makarantarmu, da bakina da kuma ƙafata.

Makarantarmu ta kwana ce, ta 'yan mata, a bayan garin Daura. A da 'yan birni ko abinci ba sa ci da 'yan Zango da Sandamu, wai ƙauyawa ne. Sai Malama Rabi ta kawo dabara: duk Alhamis bayan la'asar, mu talatin 'yan aji huɗu mu yi gaɗa a gindin tsamiyar bayan ɗakin kwana. Doka ɗaya ce. Kowane mako yarinya guda ce a gaba, duk abin da ta yi sai kowa ya yi, ko 'yar gidan wane ce. Abin kuwa ya ci, har aka fara aron sabulu tsakanin birni da ƙauye.

Shugabar makaranta ba ta so ba. Ta ce rawa a gindin tsamiya kiran iska ne, kuma ranar da yarinya ɗaya ta faɗi, ranar gaɗa ta ƙare.

Ni kuma (Allah Ya shirye ni) da na ga 'yan aji ɗaya suna leƙenmu, sai na shirya musu labari. Na ce akwai wata mata mai farin zane a saman tsamiyar, ba ta da inuwa, idan tafi ya yi daɗi sai ta sauko ta shiga layi. "Ku ƙirga mu," na ce, "za ku samu talatin da ɗaya." Kafin mako ya zagayo labari ya kai ajinmu, har da masu rantsuwa sun ga gefen zanen. Ni da na ƙirƙiro ta ma na daina bi ta wurin ni kaɗai.

Ranar da layi ya zo kaina, ranar ce shugaba ta zo da wasu iyaye su gani da idonsu. Hadari ya haɗo daga gabas, amma ko ganye ba ya motsi. Tsuntsayen da suka saba cika mana kunne, babu ko ɗaya. Muka fara tafi, sai na ji yana dawowa daga bangon ɗakin kwana kamar akwai hannun da ba namu ba.

Sai wani abu ya cije ni a ƙwauri. Na buga ƙafa. Mutum ashirin da tara suka buga ƙafa. Ya hau cinya, na yi tsalle ina kaɗa zane, suka yi tsalle suna kaɗa zane. Da ya kai inda ba zan rubuta ba, na ƙwala ihu na zube ina birgima. Wallahi da na ɗago kai, duk filin 'yan mata ne a ƙasa suna birgima, rabi suna bin doka, rabi sun tabbata Mai Farin Zane ta iso.

Iyaye suka hau salati. Aka ruga aka kira limamin makaranta, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tofi, har ya durƙusa a kaina. Na runtse ido. Gaskiya na yi niyyar bar wa aljana laifin, don a ce iska ce ta kayar da ke ya fi daraja. Sai na ji muryar shugaba:

"Malama Rabi, kin gani ko? Daga yau an gama."

Na buɗe ido ɗaya. Malama Rabi takalman yara kawai take tattarawa. Hauwa 'yar Zango, wadda mako mai zuwa ne layinta, wadda kuma ta yi wata guda tana koyon salonta a bayan banɗaki, ta haɗa kai da gwiwa tana kuka.

"Malam," na ce a hankali, "cinnaka ne."

"Ɗaga murya, 'yata."

"Cinnaka ne, Malam! A kan gidansu na tsaya. Matar ma ni na ƙirƙiro ta."

Liman ya leƙa ƙasa, ya yi baya da sauri yana kakkaɓe wando. Wata uwa ta tuntsire da dariya, sai kowa ya kama. Shugaba ta dube ni, sannan ta ce gaɗa ta ci gaba, amma a filin taro, ni kuma in share filin har mako biyu.

Har yau Sarauniyar Cinnaka ake kirana. Na dai koyi cewa in kina gaba, ko susa kika yi sai ta zama doka, don haka ki duba inda kika tsaya, ki kuma duba abin da kike faɗa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: liman ya ce mutum talatin da ɗaya ya yi wa tofi. Ban sake ƙirgawa ba.