Nomau Mai Kiwon Ɓera

A garinmu na Tungar Gawo, inda kowa ke ganin ya fi zomo wayo, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Gidansa daga shi sai matarsa Tasalla, sai wata ramammiyar kyanwa, sai rumbu ɗaya mai ɗauke da irin geron da zai shuka da damina, wanda ɓeraye suka sa a gaba.

Wata rana Asabe, 'yar ƙanwarsa da ke jami'a, ta zo hutu da kwamfuta. Ta nuna masa aikin da take yi: fararen ɗigo ɓeraye ne, jajaye kyanwoyi. In ɓeraye sun yi yawa sai kyanwoyi su yi ta haihuwa, in sun cinye su sai yunwa ta kashe su, ɓeraye su dawo fiye da da. Da za ta tashi salla ta ce ya duba mata, kada fararen su ƙare. Nomau ya ga suna ta raguwa, tausayi ya kama shi, ya ɗebo gero ya zuba musu a kan madannai. Asabe ta yini da tsinke tana tono, kaji na taya ta.

Wata rana kuma ta yaba kyanwoyin kwamfuta, ta ce ɓera ba ya kuɓuce musu. Tana fita kasuwa Nomau ya kai na'urar cikin rumbu a buɗe, ya rufe ƙofa. Ɓeraye suka gwaguye wayar caji. Da ta dawo tana hawaye, ya ce ai shi ma ransa ya ɓaci, a ce kyanwa talatin babu wadda ta fito aiki.

Ranar komawarta, don dai a rabu lafiya, ta ce, "Kawu, abu ɗaya za ka riƙe. Ran da ɓera ya ƙare, kyanwa ba ta zama."

Wata rana mai maganin ɓera ya shigo gari, mu masu wayo muka yi rububinsa. Nomau kuwa hankalinsa ya tashi, ya shiga kai wa ɓeraye dusa can bayan danga kullum safe, kada su ƙare. Tasalla ta daina zuwa rijiya don kunya. Mun yi dariya har da riƙe ciki, kuma ba na ɓoyewa, muryata ta fi ta kowa.

Ɓerayenmu suka mutu ƙaf. Kyanwoyinmu waɗansu suka ci gawa suka bi su, sauran yunwa ta kora su gidan Nomau. Kafin ruwan fari ɓerayen daji suka shigo, suka tarar ba mai tsaro, suka cinye irin da ke rumbunanmu, suka bar mana ƙaiƙayi. Rumbun Nomau kuwa kyanwa bakwai ke kwance a gindinsa.

Da hadari ya haɗu muka yi layi a ƙofar gidansa da ƙorai, kowa kansa a ƙasa. Bai yi mana gori ba, bai ma san yadda ake yi ba. Ya auna wa kowa mudun iri, sannan ya miƙa masa gwangwani da ɓera mai rai a ciki.

"A riƙa ba shi dusa," in ji shi. "Asabe ta ce kada su ƙare."

Da hannu biyu na karɓi nawa.