Gaisuwar da na kai wa tela

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Danchadi ba, lokacin da nake bincike a kan yadda mutane ke yanke hukunci da ido, su girmama mai kyan riga su raina talaka. Shekara goma sha biyu ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ban leƙa garinmu ba (wai aiki ya yi yawa, ji ƙarya). Binciken ma fakewa ce. Baffa Sanda nake son gani, aminin mahaifina, wanda ya riƙe ni da na zama maraya, yana kai ni makaranta Bodinga a bayan kekensa. Kewarsa ta ishe ni, kuma ina so in durƙusa in nemi gafararsa.

Na tarar da dattawa kan tabarma a ƙofar gidansa. A tsakiyarsu ga wani mai farin gemu, babbar riga ta sha aiki, hula ta sha kari. Na ce a raina, ashe Baffa ya samu duniya. Tun daga nesa na tuɓe takalmi, na zube gabansa, ina ta jero "Allah shi ba ka yawan rai". Ana cikin haka wani tsoho ya iso daga fadama, laka har gwiwa, da buhun albasa a ka, ya tsaya kusa da ni. Kallo ɗaya na yi wa ƙafafunsa (ni gwanin bincike) na ce, "Baba, ɗan dakata, ina gaida manya."

Mai rigar ya yi gyaran murya, ya ce shi fa tela ne daga Shagari, ɗinki ya kawo.

Tsohon ya sauke buhunsa a hankali. Muryar da ta yi ta tashina sallar asuba ce ta ce, "Ɗan Mamman, kai na? Ƙare gaisuwakka, ina jira. Na saba."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ya sa aka dama mini fura, bai ƙara ta da zancen ba. Ni kuma don kunya na ɗage neman gafarar, na ce a raina sai na dawo da damina. Kafin ruwan farko ya sauka, Allah ya yi masa rasuwa.

Na dai koyi cewa sanin sunan cuta ba ya hana ta kama likita. Gafarar kuwa har yau tana bakina, ban san wa zan kai wa ba.